Yadda na sa kwamfuta take zana mana Levey-Jennings kowace safiya

Lokacin da na fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje, da biro da rula muke zana Levey-Jennings, zanen da ake bibiyar lafiyar injin gwaji da shi. Kowane gwaji da takardarsa a manne a bango kusa da inji: sukari, yuriya, kiriyatinin da sauransu, kowanne kuma da kwantirol biyu, na daidai da na sama. Da safe ka sa kwantirol a inji, ka karanta abin da ya bayar, ka ɗiga ɗigo a takarda. To amma ranar da marasa lafiya suka cika benci, ɗigon nan sai ya jira. Ranar Juma'a sai ka ga mutum ya baje rajista yana cike ɗigon kwana biyar a zama ɗaya. Ihu bayan hari ke nan, domin sakamakon kwanakin tuni ya isa hannun likita. Abin da ya tura ni koyon Python, yaren rubuta wa kwamfuta umarni, ke nan, ba son kwamfuta ba.

Ga wanda ba ɗan lab ba: kwantirol wani ruwa ne da kamfani yake haɗawa, an san gwargwadon abin da ke cikinsa. Ana ba inji shi kamar jinin majiyyaci. In inji ya faɗi abin da ake tsammani, sai a amince masa ya taɓa jinin mutane. Zanen Levey-Jennings shi ne yake jera sakamakon kwantirol ɗin kwana bayan kwana, da layi a tsakiya na matsakaici, da layuka uku sama uku ƙasa waɗanda suke nuna nisan da aka yi daga tsakiyar. Ma'aunin wannan nisa shi muke kira SD. Asalin dabarar ta Walter Shewhart ce, wanda ya fito da ita a 1924 domin masana'antar kayan tarho a Amurka, sannan Levey da Jennings suka shigo da ita ɗakin gwajin asibiti a 1950.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma duk kyauta ne: Python, da pandas mai sarrafa tebur, da matplotlib mai yin zane. Tsohuwar kwamfutar ofis ta isa. Da zarar ka sauke su, ba ka ƙara buƙatar intanet.

Fayil biyu, kada ka haɗa su

Fayil na farko shi ne na sakamako. Tebur guda ɗaya dogo, nau'in CSV (tebur a rubutu zalla), kowane layi awo ɗaya: kwanan wata, sunan gwaji, matakin kwantirol, lambar lot (rukunin kwalaben da kamfani ya haɗa a lokaci guda), abin da inji ya bayar, wane inji, harufan sunan wanda ya yi aikin, sai gurbin ƙarin bayani. Kada ka ware wa kowane gwaji shafinsa kamar yadda muka saba a Excel. Ido yana jin daɗin hakan, amma umarnin da za ka rubuta zai wahala. Injuna da yawa suna iya fitar da sakamakon kwantirol a filash, wasu kuma suna turawa ta waya zuwa manhajar lab. In naka ba ya yi, a riƙa bugawa da hannu, ba laifi.

Kwanan wata ka rubuta shi shekara, wata, rana: 2024-04-03. Na sha wuya a kan wannan. Mu 03/04 uku ga Afrilu muke nufi, amma pandas in ba ka gaya masa ba sai ya karanta shi da tsarin Amurka, huɗu ga Maris. Abin haushin shi ne ba lallai ya yi ƙorafi ba. Sai dai ka ga ɗigogin farkon wata sun watse cikin shekara, ka rasa dalili.

Fayil na biyu ƙarami ne, amma shi ne ran aikin. A ciki ake rubuta, ga kowane gwaji da mataki da lot: ma'aunin da ake amfani da shi, matsakaici, SD, da ranar da aka fara aiki da su. Wannan fayil mutum ne yake rubuta shi, shugaban sashe ya duba ya sa hannu. Kwamfuta karantawa kawai take yi, ba ta da izinin taɓa shi.

Ga dalilin da ya sa na kafe a kan haka. Umarnina na farko fayil ɗaya yake karantawa. Duk wata sai ya ɗauki sakamakon watan, ya lissafa matsakaici da SD daga cikinsu, ya ja layukansa. Zanen kuwa sai ka ce a littafi, ɗigogi suna rawa a gefen layin tsakiya, babu mai fita. Wata uku ina alfahari da shi. Rannan wata babbar ma'aikaciyarmu, wadda ta kusa ritaya, ta ɗauki takardun sukari na wata ukun ta jera a kan tebur, ta gyara tabarau, ta ce, "Zo nan, ɗana. Wannan zanen naka ya cika kyau. Karanta min lambar da ke kan layin tsakiya."

Na karanta. Watan farko 5.5, na biyu 5.6, na uku 5.7.

"To kwalbar ce ta canza, ko layin naka ne yake bin inji duk inda ya nufa?"

Na ce, "Hajiya, layin ne." Ban da wata amsa. Lot ɗaya ne tun farko. Injin ne yake ta hawa a hankali, ni kuma na rubuta umarnin da yake matsar da tsakiyar ta bi shi, kamar mai awon hatsi da yake sauya tiya kullum don ta dace da abin da ke buhu. Ƙarin 0.2 ba ya tsorata kowa a ido, amma iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ciwon sukari a gwajin da ake yi kafin a karya kumallo ita ce 7.0 mmol/L. Wanda sukarinsa yake 6.8 na gaskiya, injinmu zai ɗora shi a kan iyakar. Tun daga ranar na raba fayil ɗin biyu. In ma wata manhaja mai rubuta umarni ka roƙa ta rubuta maka, ka duba wannan wurin kafin komai, domin hanya mafi sauƙi ita ce a lissafa matsakaici daga bayanan da ake zanawa, kuma ita ce ba daidai ba.

Inda matsakaici da SD suke fitowa

Takardar da ke cikin kwalin kwantirol tana zuwa da iyakoki, amma masu faɗi ne, saboda an yi su ne domin su ɗauki ɗakunan gwaji iri-iri. In ka ja layukanka da su, inji zai iya lalacewa bai taɓa layi ba. Ka fitar da naka: aƙalla awo 20 a kwanaki 20 daban-daban, lokacin da inji yake lafiya. In sabon lot ya zo, ka riƙa sa shi tare da tsohon kafin tsohon ya ƙare, don kada ka wayi gari ba ka da abin dogaro.

Akwai wani ɗan tarko a lissafin. SD da muke so ita ce wadda ake rabawa da adadin awo ban da ɗaya. Haka pandas yake yi da kansa, amma numpy, wani kayan lissafi na Python, da cikakken adadin yake rabawa sai in ka ce masa ddof=1. A awo 20 bambancin bai kai kashi 3 cikin ɗari ba, sai dai ya isa ya sa lissafinka da na abokin aikinka su saɓa, ku ɓata rabin yini kuna neman mai kuskure.

Bari mu riƙe misali ɗaya har ƙarshe: sukari, matakin daidai, matsakaici 5.5, SD 0.15. Layukan sama za su faɗo a 5.65 da 5.80 da 5.95, na ƙasa a 5.35 da 5.20 da 5.05.

Lissafi kafin zane

Ka sa pandas ya haɗa bayanan fayil biyun, a cikin lissafi kawai, ta sunan gwaji da mataki da lot, yadda kowane awo zai samu matsakaicinsa da SD ɗinsa a gefensa. Sai ka ƙara ginshiƙi ɗaya, z: a cire matsakaici daga sakamako, a raba da SD. In inji ya ba da 5.83, an wuce da 0.33, a raba da 0.15, z ya zama 2.2. Daga nan komai a kan z yake tafiya, ko sukari ne ko kiriyatinin.

Dokokin da za ka gwada su ne na James Westgard, waɗanda shi da abokan aikinsa suka wallafa a 1981. Ta farko, 1-2s, ɗigo ɗaya ya wuce SD biyu. Wannan gargaɗi ne kawai, ba a tsayar da aiki a kanta, domin ko inji lafiyarsa ƙalau, kusan ɗigo ɗaya cikin ashirin zai leƙa can. Wanda yake maimaita kwantirol duk lokacin da ya ga haka, sinadari kawai yake ƙonawa. 1-3s kuwa, ɗigo ya wuce SD uku, a dakata. 2-2s, biyu a jere sun wuce SD biyu a ɓangare ɗaya. 4-1s, huɗu a jere sun wuce SD ɗaya a ɓangare ɗaya. 10-x, goma a jere duk suna sama da layin tsakiya ko duk suna ƙasa. Waɗannan ukun na ƙarshe su ne masu kama inji mai karkata a hankali, wato irin cutar da ta same ni. Da 5.7 ɗin nan a kan layuka na gaskiya aka ɗora shi, z ɗinsa ya haura 1.3, kuma da tuni 4-1s ta yi kuka.

Saura R-4s, wadda aka fi rubutawa ba daidai ba. Tana aiki ne a cikin zagaye ɗaya: kwantirol ɗaya ya wuce SD biyu ta sama, ɗayan ya wuce ta ƙasa, a lokaci guda. Ba a auna ta tsakanin jiya da yau. Don haka umarninka yana buƙatar ya ga matakan biyu tare. Haka 2-2s ma tana iya faɗowa tsakanin matakan biyu na rana ɗaya. Kowace doka ka rubuta mata ɗan aikinta daban, sannan ka ƙirƙiri jerin lambobi na ƙarya da ka san amsarsu, ka ba ta. Tara a sama, bai kamata 10-x ta yi motsi ba. Ka ƙara na goma, dole ta kama. Kafin a fara duba jere, ka tabbata an tsara layukan bisa kwanan wata, kuma kowane lot an ware shi daban.

Zanen kansa

A nan ne zanen asibiti ya bambanta da zanen cinikin kanti. Excel da matplotlib duka suna da ɗabi'ar zaɓar tsayin zane da kansu, su miƙe shi ko su matse shi don bayanai su cika shafi. Ka hana su. Ka kafe layin tsaye daga SD huɗu ƙasa zuwa SD huɗu sama da umarnin set_ylim, a misalinmu daga 4.9 zuwa 6.1. Da haka zanen Janairu da na Yuni suke zama abin kwatantawa, idon ma'aikaci kuma ya saba da inda haɗari yake.

Wani zai ce, in ɗigo ya fita daga wannan iyaka fa? Zai fita kuwa. Ranar da wani ya buga 99 a gurbin sukari, saboda ya karanta a mg/dL alhali fayil ɗin na mmol/L ne, z zai haura 600. Lambar ba ƙarya ba ce, 5.5 sau 18 ne. In ka bar zanen ya miƙe don ya ɗauke ta, sauran ɗigogin wata guda za su kwanta a ƙasa kamar zare. In kuma ka yi shiru, ɗigon zai ɓace daga shafin, wanda ya fi muni. Abin da nake yi shi ne in manna shi a bakin iyakar da alamar kibiya, in rubuta ainihin lambar a gefensa.

Layukan kwance bakwai ana jan su da axhline. Na tsakiya mai kauri, na SD ɗaya siriri mai dusashe, na SD biyu mai tsinke-tsinke, na SD uku mai ƙarfi. A gefen dama ka rubuta musu lambobinsu na gaskiya, 5.80, 5.95, ba "+2" da "+3" kaɗai ba, saboda mai aiki lambar da ke fuskar inji yake gani.

Launi kuwa, kada ka dogara da shi. Ni ma da kore da ruwan ɗorawa da ja na fara, ya yi kyau a allo. Firintar ofishinmu baƙi da fari ce, duk suka fito toka-toka iri ɗaya. Ga kuma mutanen da idonsu ba ya raba ja da kore, galibi maza, wasu ma ba su san suna da matsalar ba. Yanzu siffa nake canzawa: ɗigo mai lafiya da'ira, na gargaɗi mai kusurwa uku, wanda ya karya doka babbar alamar X da sunan dokar a kansa. Launin yana nan, amma ƙari ne.

Layin kwance na ƙasan zane ya zama na kwanan wata na gaske, ba lambar jere ba. In an yi kwana huɗu ba a sa kwantirol ba, gurbin ya fito fili, kada a ja layi a haɗe shi kamar ba abin da ya faru. Wannan giɓin ma labari ne, kuma masu duba ingancin lab suna tambayarsa.

Abin da ya fi yi mana amfani, wanda kuma ba ya cikin zanen littafi, shi ne gurbin ƙarin bayani. Duk ranar da aka rubuta wani abu a ciki, umarnin yana jan siririn layi a tsaye ya rubuta shi a gefe: an sake saita inji, an buɗe sabuwar kwalbar sinadari, an canza fitila, an kwana ba wuta. Sinadarai da yawa ana son su zauna tsakanin digiri 2 da 8, mu kuma a watan Afrilu zafin waje yana kai 40. Firji ya kwana a kashe, bayan kwana biyu ka ga ɗigogi sun fara gangara. In layin nan yana wurin, ba sai an tara taro ana tambayar wa ya tuna ba. Canjin lot shi ma layi ne a tsaye, kuma daga nan layukan kwance suna komawa kan sabon matsakaici.

A saman shafi: sunan gwaji, mataki, lot, inji, ma'auni. A ƙasa da ƙananan harufa: ranar da aka yi zanen, da ranar da aka sa hannu a kan matsakaicin da aka yi amfani da shi. In da Hausa kake rubutu, rubutun da matplotlib yake zuwa da shi, DejaVu Sans, yana da ɓ da ɗ da ƙ. Ka dai adana fayilolinka a UTF-8, in ba haka ba ƙugiyoyin su rikiɗe su zama tarkace.

Ya riƙa yi da kansa

Sauran aikin gajere ne. Ka mai da duk abin da ke sama aiki guda mai karɓar gwaji ɗaya ya fitar da shafi ɗaya, sai groupby ya zagaya da shi kan kowane gwaji da mataki, PdfPages kuma ya tattara shafukan a PDF guda mai ɗauke da kwanan ranar a sunansa. Ka sa matplotlib a yanayin Agg don kada ya nemi buɗe taga, kuma ka rufe kowane zane bayan an adana shi, domin in suka haura 20 a buɗe zai fara gargaɗi yana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Shafukan da aka karya doka su nake sawa a gaba, masu lafiya a baya.

A Windows, Task Scheduler ne zai tayar da shi kullum, a Linux kuma cron. Ka saita shi bayan lokacin da ake gama kwantirol amma kafin a fara sakin sakamako. Akwai wani ɗan akwati a Task Scheduler da yake cewa a gudanar da aikin da zarar an samu dama in lokacinsa ya wuce. Ka danna shi, don ba kullum kwamfutar take kunne a kan lokaci ba.

Sai maganar gazawa. In aka shigar da lot da babu shi a fayil na biyu, umarnin kada ya yi hasashe, kada ya ari matsakaicin tsohon lot, kada kuma ya tsallake gwajin shiru. Ya fitar da shafi da manyan harufa: babu matsakaicin wannan lot, ba a yi zane ba. Haka in yau ba a shigar da komai ba. Shafin da ya ɓace ba wanda zai lura da shi cikin talatin, amma wannan sai an gan shi.

Ɗigon da ya karya doka ba a goge shi. Na san jarabar: kwantirol ya fita, an maimaita ya shigo, sai a bar na biyun kaɗai a fayil. Ka bar su duka, ka rubuta abin da aka yi a gurbin bayani. Illa dai in za a sake lissafa matsakaici, ba a sa wanda aka san dalilin fitarsa. Sunan majiyyaci kuwa ba shi da abin yi a wannan fayil ko kaɗan. In abin da inji ya fitar ya haɗo da sakamakon mutane, a tace shi tun kafin ya shiga foldar.

Kafin mu cire takardun bango, wata guda muka yi ana yin biyun tare, Hajiya tana ɗigawa da biro, kwamfuta tana nata, ranar Juma'a mu kwatanta. Mizanin ISO 15189 na ingancin ɗakunan gwajin asibiti yana buƙatar a tabbatar da ingancin irin wannan manhaja kafin a dogara da ita, don haka takardun kwatancen muka sa hannu muka adana a fayil ɗin inganci. Sau biyu muka saɓa a watan. Na farko ita ce ta ɗiga a layin da ba shi ba. Na biyu nawa ne: na rubuta 2-2s tana duba girman z ba tare da kula da ɓangare ba, sai ta kama wani +2.1 da ya biyo bayan -2.3 a kiriyatinin. Na gyara layin a daren, na ƙara waɗannan lambobi biyu cikin jerin gwajin ƙarya, washegari muka sake buga shafin.